Ƙwarya Biyar a Ƙarƙashin Gadon Kaka

Juma'ar da ta wuce na yi sallah da rabin hankali, kuma tunda na riga na nemi gafarar Mai Sama, ba na jin kunyar gaya maka. Wani dattijo ne ya tsaya a sahun gabana da tsohuwar riga, irin wadda ake gada, ba irin wadda ake saya ba. A bayanta akwai aikin hannu, zagaye cikin zagaye, da zare mai launin ƙasa-ƙasa kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Liman yana karatu, ni ina bin zaren nan da ido. Da aka sallame na kai hannu na shafa. Mutumin ya juyo yana dafe da aljihu, ya ɗauka ɓarawo ne ya tsufa a kan sana'arsa.

Zaren tsamiya ne. Na sani, kai mai karatu, in dai ba ka haura sittin ba, tsamiya a wurinka ta kunu ce kawai. To gyara zama in ba ka ilimi, don ni ma ba ƙaramin mutum ba ne. Na yi makarantar boko a Salaga har aji huɗu, kuma aji huɗun sau biyu na yi shi, saboda malaman sun kasa rabuwa da ni.

A ajin nan ne wani tica mai gajeren wando ya zana mana zagaye a allo. Ya ce ga ƙwai, ga tsutsa, ga lokacin da tsutsar take shiga gidanta ta kwanta, ga malam-buɗe-littafi ya fito yana tashi, sai kibiya ta koma kan ƙwai. Ya zana shi sumul, kamar ba a taɓa yin asara a hanya ba. Yara suna kwafa, ni na kifa kai a kan benci. Ya ɗauka ban gane ba ne, ya ba ni bulala biyu. Alhali ni kaɗai ne a ajin na taɓa bin zagayen nan da ƙafata daga farko har ƙarshe.

Gidanmu a Salaga tsohon gidan fataken goro ne. Kafin a haife ni goron ya canza hanya, sai ubana ya koma doya da hatsi. Zauren yana nan da girmansa, amma awaki ne suke kwana a inda baƙi suke sauka a da. Ina shekara biyar ubana ya saki uwata. Ba a gaya wa yaro dalili, kuma har yau ban sani ba. Ta koma wurin danginta a Bawku, aka bar ni a ɗakin Kaka, uwar ubana. Ita ma Kakar asalinta 'yar Bawku ce, aure ya kawo ta kudu tun tana yarinya, kuma ita ce ta nemo wa ɗanta uwata daga can. Saboda haka sakin nan ya yi mata ciwo biyu.

Ubana ya faɗa a gaban mutane cewa babu mai kai ni Bawku. Mutum ne da in ya furta magana a zaure, ko shi kansa ba ya iya ɗaga ta.

Shekara uku ina riƙe da uwata a kaina. Ina tuna wushiryarta, da ƙanshin daddawa a bakin zanenta, da tabon ƙuna a wuyan hannunta na dama. Amma a shekara ta ukun na fara lura da wani abu da ya tsorata ni. In na rufe ido ina ganin wushiryar, ina ganin tabon, sai dai fuskar ta ƙi haɗuwa. Wata rana na gaya wa Kaka. Tana kaɗi, ta dangwali alli, ta murza mazari. Sai bayan kwana biyu, da yamma ubana ya shigo gaishe ta, ta ce:

"Ƙanena ya aiko daga Bawku. An ba shi ɗinkin rigar wani babban mutum, farin zaren tsamiya yake so."

"In kin gama a ba direba ya kai masa, Mma."

"Direba ya san farin tsamiya? Kusa da jarkar mai zai ajiye shi. Da hannuna zan kai."

"Ke kaɗai, da wannan idon naki?"

"Ai ina da miji," in ji ta, ta nuna ni da haɓa. "Ko banza ya riƙe mini taskira."

Ubana ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya gane, ita ma ta san ya gane. Can ya ce, "In fari ya fito, ku je. In ja ne, ko a Yendi ana saye."

Yanzu bari in yi maka bayanin da tica bai sani ba. Tsutsar da take wannan saƙa ba 'yar malam-buɗe-littafin da kake gani a kan furanni ba ce. 'Yar ɗan'uwansa ce, wanda bai yi dogon karatu ba kamar ni, ba ya fita sai rana ta faɗi, ba shi da tufafi masu launi. Tsakiyar damina tsutsotsin suke ƙyanƙyashewa a ƙarƙashin ganyen doka, su yi ta ci. In ka tsaya a gindin itacen za ka ji kashinsu yana zuba a kan busasshen ganye kamar yayyafi. Idan suka ƙoshi suka yi ɓul-ɓul, sai su sauko a jere, kan wannan a gindin wancan, su nemi inda za su yi gida. Ba sa yin gida ɗaiɗai. Taruwa suke yi su saƙa jaka ɗaya babba, kowa kuma ya yi ɗan ɗakinsa a ciki. Wadda aka tsinta a daji, a jikin tsamiya ko wani itace, ja ce. Mai son fara sai ya tare su a hanya kafin su fara, ya kai su duhu.

"Kunya gare su," in ji Kaka. "In suka ga rana suna cikin aiki, saƙar ja take yi."

Ƙarshen damina muka fita da ita bayan gari, muka wuce tsoffin rijiyoyi, ciyawa ta fi ni tsawo. Ta shafe hannunta da man kaɗanya har gwiwar hannu, don gashin jikinsu ƙaiƙayi gare shi. Ni nake hango jerin, tunda idonta ya fara hazo, ita take share su da ganye zuwa cikin ƙwarya. Kwana huɗu muna zuwa, muka cika ƙwarya biyar. Kowace ta rufe ta da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta tura su ƙarƙashin gadonta, ta lulluɓe da wani tsohon baƙin zane. Ta ce ba a buɗewa sai wata biyu sun mutu.

Wata biyu a wurin ɗan shekara takwas, ai gara ka ce masa sai lahira.

Da farko sauraro kawai nake yi. In na sa kunne a jikin ƙwarya ina jin motsi siriri, kamar ana shafa busasshen ganye. Ran kwana na uku Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Na ce bari in leƙa sau ɗaya, in ga ko sun fara. Ƙarƙashin gado duhu, ba na ganin komai, sai na jawo ƙwaryar zuwa bakin ƙofa inda rana take. Na ɗaga faifai. Suna nan sun dunƙule wuri ɗaya, kowace tana kaɗa kai dama da hagu kamar ana yi mata tambaya tana cewa a'a, kuma daga bakinsu zare yana fita, siriri kamar na gizo-gizo, fari tas. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na ga Bawku a cikin ƙwaryar nan.

Da na tsaya nan, wataƙila da ba ka karanta wannan ba. Amma washegari na ce bari in ga ta biyu, ko ta fi ta farko himma. Daga nan sai ta uku. Kafin mako ya ƙare na zama mai duba aiki, kullum Kaka ta fita ɗiban ruwa ko kasuwa sai in zagaya ma'aikatana biyar. Waɗanda na ga sun yi sanyi in tsokane su da yatsa. Har na yi wani tunani mai zurfi, wanda ya nuna tun a lokacin cewa ni ɗan aji huɗu ne: na ga wanki a rana yake saurin bushewa, gyaɗa ma haka, saboda haka na riƙa barin su a rana kaɗan don aiki ya yi sauri. Yatsuna suka kumbura, suna ƙaiƙayi kamar na taɓa ƙarara. Ina ɓoye su a hammata. Wata safiya Kaka ta kama hannuna, ta shafa, ta ɗauko man kaɗanya ta mulke shi, ta sake ni.  Daga ranar tsoro ya hana ni komawa.

Wata biyu suka mutu. Ciyawa ta bushe, ana ta shigo da doya gari a kan akori-kura. Kaka ta jawo ƙwarya ta farko bayan sallar walha, ta kwance, ta ɗago jakar da ke manne a ciki. Ta kai ta dab da idonta, ta juya ta, ta miƙo mini.

"Maigida, idona ba ya rabewa. Wane launi ne?"

"Fari ne," na ce. "Fari-fari."

Ta ɗauki ƙwaryar ta fita tsakar gida inda ubana yake alwala, ni ina biye da sauran. Ya duba ta farko, ya duba ta biyu, har ta biyar, yana ɗaga kowace sama kamar ko rana za ta canza ra'ayi. Sannan ya ce, "Mma, duka ja ne." Ya ajiye, ya koma ya sake alwalar da ya riga ya gama. A lokacin na ɗauka murna yake yi. Yanzu da na haura shekarunsa na lokacin da nisa, ina zaton shi ma farin yake jira, don ita ce kaɗai ƙofar da ya bar wa kansa.

Wasu matan da sun buɗe suke jefa jakar a tukunya, da masu rai a ciki. Kaka ba ta yi haka. Ta ce wanda ya dafa na bana duka ba shi da na baɗi. Ta rataye jakunkunan a ƙarƙashin rufin ɗakinta, suka yi rani cur a nan. Ba motsi, ba ƙara. In ka girgiza sai ka ji abu yana kaɗawa a ciki kamar busasshen wake. Kullum in na fito ina ganin su, jajaye biyar a jere, sai in sunkuyar da kai in wuce. Ban taɓa yin rani mai tsawon wannan ba.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshi, sai suka fara fitowa. Gab da magariba ne. Ɗaya ya huda jaka ya turo kai, jiƙe sharkaf, fukafukansa a cukuikuye kamar tsumman da aka matse. Ya maƙale a jiki yana rawar sanyi har suka miƙe. Wani ya biyo, wani ya biyo. Kuma ka san launinsu? Farare, da ɗan zanen ƙasa-ƙasa a fiffike. Su da babu wanda ya nemi fari a wurinsu. Ba sa cin komai, kwana kaɗan gare su. Macen ta nemi ganye ta zuba ƙwai a bayansa, ta tsige gashin gindinta ta rufe su, shi ke nan aikinta ya ƙare. Da safe za ka tarar da su a ƙasa kaji suna tsattsaga. Babu wadda take ganin abin da ta haifa. Wannan ma tica bai sa shi a allo ba.

Kaka ta dafa jakunkunan a ruwan toka, warin ya cika gida kwana biyu. Ta wanke, ta shanya, ta tsefe, ta yi kaɗi da laluben yatsa, don a lokacin hannunta ya fi idonta gani. Zaren ya yi kyau, sai dai ja ne. Ubana ya sa mu a lorin wani abokinsa mai kai hatsi Yendi, ya ce ya dawo da mu ran kwana na uku.

Mun sauka a gidan wani malami da ɗalibansa suke ɗinkin riga a zaure. Ya karɓi zaren ya yaba, aka ba mu tuwo da miyar ayoyo. Ran da za mu koma muka je tasha tun da hantsi. Ga lorinmu, ga kuma wata a gefe ana ɗaure mata kaya, yaron motar yana kiran Gushegu da Bawku. Mutane suna hawa kamar ba wani abu ba ne. Wata mata har da kajinta. Na kama bakin zanen Kaka na ja.

"Kaka, ga ta nan. Babu wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"Mu ce fari ne ya fito daga baya."

"Kai, wannan miji nawa, ƙarya ba ta yi maka wuya." Ta zauna a kan wani buhu ta jawo ni jikinta. "Ban taɓa yi wa ubanka ƙarya ba. Dabara na yi masa, shi kuma ya bar ni na yi. In na hau motar can, na zubar da shi a zaurensa."

Na yi ta kuka. Cikin kukan na ce ni ne na buɗe ƙwaryar.

"Na sani tun ran da na shafa maka mai."

"Me ya sa ba ki doke ni ba?"

"In na doke ka zai koma fari? Share hancinka. Baɗi ma shekara ce."

Muna zaune motar Bawku ta tashi. Na bi ta da ido har ta sha kwana a bayan rumfunan masu yadi. Iyakar tafiyata ke nan, rabin hanya ma ba mu kai ba.

A daminar nan mun fita neman tsutsa sau uku, ina riƙe da sandarta a gaba. Itatuwan doka suna nan da ganyensu cif, babu abin da ya taɓa su. Haka suke yi, wata shekara su cika daji, wata shekara ko ɗaya. Kafin wata daminar ta zagayo idon Kaka ya rufe gaba ɗaya, kuma kafin a ci sabuwar doya an kai ta makwancinta. Babu wanda ya sake ambaton Bawku a gidanmu. Aka sa ni makaranta, na yi abin da na gaya maka na yi, na fito na bi mota.

Ina da shekara ashirin na fara taka Bawku, a saman lodin doya. Ban nemi izinin kowa ba. Na yi tambaya a zongo, unguwar Hausawa, har aka kai ni wani gida mai ƙaramar ƙofa, inda na tarar da wata mata tana tankaɗe. Da na faɗi sunan gidanmu ta saki rariyar. Ƙanwar uwata ce. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta ce da irin Hausarsu ta can, "Kai ne yaron? Ka zo latti. Shekara biyu ke nan ya rasu." Uwata take nufi, don a can mace ma "ya" ake ce mata.

Ta ba ni ruwa, ta zaunar da ni a ƙofar wani ɗaki. Ta ce a shekarar da muka tara tsutsar Kaka ta aiko wa uwata da saƙo ta bakin wani bafatake, cewa muna tafe da zaran zare ya kammala. Uwata ta share ɗakin nan, ta yi masa daɓe sabo, ta sayi 'yar tabarma. Duk ranar da motar Yendi take shigowa sai ta sa mayafi ta je tasha, ta tsaya nesa tana duba yaran da ake saukewa. Ta yi haka damina guda da rani guda, sannan ta daina.

"Me ya hana ku zuwa?" in ji ƙanwar tata.

Na ce tsutsa ce ba ta yi kyau ba a shekarar.

Na nemi hoto, babu. Na duba fuskar ƙanwar ko zan haɗa da abin da ya rage mini, amma ita ba ta da wushirya, kuma aka ce ba su yi kama ba.

Yau a Bawkun nake zaune, nan na yi aure, nan na tsufa. Daga nan zuwa Salaga, in hanya lafiya, mutum ya karya a can ya yi la'asar a nan. Yaro ya hau babur ya je Kulungugu can bakin iyaka ya dawo kafin shayi ya huce. 'Yata da take aure a Kumasi kullum sai ta kira, fuskarta ta fito a waya, ta ɗora mini 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya har in gaji in ce caji ya ƙare. Riguna kuma inji ke yi musu aiki da zare mai ƙyalli, fari ko shuɗi ko kore, duk wanda ka nuna.

Babban ɗana ya karanta aikin gona har inda karatu ya ƙare. Kwanakin baya na ba shi labarin nan, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce, "Baba, anya hasken ne? Mai yiwuwa irin tsutsar ne. Wata fari take yi, wata ja, ko a rijiya ka sa ta." Na ce ya tabbata? Ya ce bai tabbata ba, sai an gwada.

To, na ce a gwada. Ni mutum ne mai son bincike, ka dai ga tarihina. Na sa shi ya kai ni Salaga a motarsa ƙarshen damina, na sayi ƙwarya biyu sababbi a hanya, ɗaya ta duhu ɗaya ta rana. Muka wuce rijiyoyin. Inda dokar take an sare an yi gawayi, sauran wurin gonaki ne, an feshe su da maganin ciyawa, ƙasa tas kamar an aske ta. Muka tambayi manoma, matasan ba su ma san abin da nake nufi ba. Wani tsoho ya ce rabonsa da ganin jerin tsutsar nan tun 'ya'yansa suna ƙanana. Na tsaya a gindin itace ɗaya da ya rage na kasa kunne, ɗana yana duba agogo. Babu yayyafi.

Shaidun da za su wanke ni ko su kama ni ke nan, kuma babu ko ɗaya da ya rage. Muka juyo. Ƙoren nan biyu matata ta karɓe, tana auna gero da su.